Kujerar Bakin Ƙofa

Ni a bakin ƙofa nake zama. A coci, a bas, a gidan biki, a gidan makoki. Matan zumunta sun sani, ba mai taɓa mini bencin baya na kusa da ƙofa. Ba na faɗa wa kowa dalili, kuma a Sabon Tasha ba a cika tambayar mutum irin wannan ba. Da yawanmu daga wata unguwa muka zo, kuma ba da shiri muka zo ba.

Da a ƙetaren kogi muke, ta arewa, a gidan haya. Mijina yana aiki a masaƙa a Kakuri, kullum sai ya ƙetare gada. Ranar da gari ya rikice, da rana tsaka, maƙwabta suka taru a tsakar gidanmu. Maza suka ce a kulle ƙofa a jira sojoji. Ban jira ba. Na goya autata, na ja hannun yayarta, na zare sakatar ƙofar baya. Mijina ya ce in tsaya. Ban tsaya ba. Da ƙafa na ƙetare gada. Waɗanda suka jira, har da shi, ban ƙara ganinsu ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan.

Da citta na raine su. Ana kawo mini ita daga ƙauyenmu, ina kasawa a kasuwa, ɗanya da busasshiya. Babbar ta yi aure a Legas. Autar ta yi karatu, ta yi ta neman aiki har takalmi ya cinye, sannan wani kamfanin jirgin sama ya ɗauke ta cikin masu kula da fasinja.

Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce na huta, 'yata tana yawo a sama tana cin kaza. Wasu suka ce, a bayan idona, aikin 'yan mata masu neman manyan mutane ne. Wata ta faɗa a gabana, a bakin famfo. Na ajiye bokitina na dube ta. Ba ta ƙara ba.

Ni na san aikin, domin ni nake ganin ƙafafunta. A Legas take kwana, ɗaki ɗaya da wasu abokan aikinta, sai ta sami hutu take zuwa gida. Tana shigowa za ta cire takalmi ta nemi ruwan zafi a baho. Idon sawunta a kumbure kamar na mai tsohon ciki. Tun asuba motar kamfani take ɗaukarsu, a tashi a sauka, a tashi a sauka, duk a tsaye. Ta tura keken abinci, ta ɗaga jakunkunan da masu su suka ƙi ɗagawa, ta kwashe aman yaran mutane, ta wanke hannu ta dawo da murmushi. Gashi a ɗaure tam, har gaban goshinta ya fara zubewa. Akwai masu kiranta da tafi, akwai masu kiranta da tsaki. Kunnenta ɗaya ya daɗe yana mata ciwo, ta ƙi faɗa a wurin aiki kada a sauke ta.

Ta ce mini rabon shayi ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne ranar da abu ya lalace. An koya musu kashe wuta, an koya musu fitar da mutane cikin hayaƙi, an jefa su cikin ruwa mai zurfi da rigar iska, ita da ko rafin ƙauyenmu ba ta taɓa shiga ba. Ta ce ta sha ruwa har ta gode Allah. Muka yi dariya. Ni tawa dariyar ba ta kai ciki ba.

Wani lokaci takan nuna mini hoton teku a waya. Wani farin layi, gefe ɗaya kore, gefe ɗaya shuɗi. Na tambaye ta ko kullum tana ganinsa. Ta ce ba ita ta ɗauka ba, wata fasinja ce ta tura mata. Lokacin da jirgi yake bi ta gaɓar teku, lokacin ne ake shirin sauka, ita tana tattara kofuna tana duba bel ɗin mutane. In ta gama sai ta zauna a 'yar kujerarta ta jikin bango, a can baya, inda tagar ba ta fi bakin kwano ba. Ta ce sai dai ta ga wulgawar shuɗi.

Ba a tabbatar da ita a aikin ba tukuna. Sababbi sai an gwada su a cikin jirgi, da fasinja na gaske. Wata babba daga ofis takan shiga ta zauna ta zuba ido, ba ta cewa komai sai an sauka. An gwada ta sau ɗaya, ta faɗi. Wani dattijo mai furfura ya ƙi miƙar da kujerarsa ana shirin sauka. Ta roƙe shi, ya daka mata tsawa, ya ce ya haife ta. Ta ce yi haƙuri Baba, ta wuce. Mai gwajin ta ce da ita tana jin nauyin manya, kuma mai jin nauyin manya ba ya wannan aiki. Za a sake gwada ta sau ɗaya. In ta faɗi, ta ajiye yunifom.

Da ta ba ni labari na san daga inda abin ya fito. Ni na koya mata. A wurinmu yaro ba ya tsayawa a kan babba ya yi masa magana, ba ya tashin babba daga inda ya zauna. Na sha marinta a kan wannan tana ƙarama.

Da damina yayarta ta haihu. Dole in je in yi mata wanka. Na ce zan hau doguwar mota. Autar ta ce ba ta yarda da hanya ba, ni ma na san abin da ake yi a hanya. Ta sama mini tikiti a jirgin da za ta yi aiki a cikinsa, don kada in ji tsoro. Na ce mata ni ba tsoro nake ji ba. Ta ce to.

Na ɗaure citta da daddawa da kanwa da garin kunu a jaka. Keke ya kai ni tashar Television, daga nan na shiga mota muka bi baifas. Da muka hau gada na dubi gabana kawai. Ba na son wannan gada.

Ina zaune a ɗakin jira, kusa da ƙofa, jirgin ya sauko daga Legas. Ba a daɗe ba wayata ta yi ƙara. Muryarta ƙasa-ƙasa, da sauri. Ta ce mai gwajin tana cikin jirgi, yau ne, ita ma sai da safen nan ta sani. Ta ce in zauna inda takardata ta ce, kada in kira ta, kada in nuna na san ta. Kafin in amsa ta kashe.

Muka taka zuwa jirgi, muka hau matakala. Wata ce ta tarbe mu a ƙofar gaba, ba ita ba. Ta dubi takardata ta nuna mini can baya. Na bi ta tsakanin kujeru ina tafiya, ina tafiya, ƙofar da na shigo tana nisa. Wurin kamar cikin bututu. Na hango autata a can ƙarshe tana taya wani cusa jaka a sama. Ta gan ni, ta kawar da ido. Wani mutum ya duba mini lambar. Kujerata a jikin taga take, a lungu, kuma mutum biyu za su zauna su toshe ni: wani mai ƙiba da ya riga ya baje, da matarsa.

Na shiga na zauna. Gwiwata ta tokari kujerar gaba. Na dubi hagu, bango. Na dubi dama, cikin mutumin nan. Numfashina ya fara guntulewa. Na ce da kaina, zauna, yarinyar nan ta roƙe ki. Na zauna. Zufa ta keto mini a baya.

Da ina shigowa na lura da wani wuri a tsakiyar jirgi, saitin fiffike. Kujerun wurin suna da fili a gabansu, kuma a jikin bangon akwai wata ƙaramar ƙofa mai jan rubutu da mariƙi. Idona ba ya wuce ƙofa. Kujerar jikinta ba kowa. Na yi ta kallonta ta saman kawunan mutane. Masu shigowa suka ragu, suka ƙare, ba wanda ya zauna. A bas, kujerar da ba kowa ta mai rabo ce. Na ce wa mai ƙiba ya ba ni hanya. Ya yi gunaguni ya tashi, matarsa ta tashi. Autata ta ba da baya a lokacin, tana ƙirga wani abu a kicin ɗinsu. Na je na zauna a bakin ƙofar. Na ɗora tafin hannuna a jikinta. Numfashina ya dawo.

Kusa da ni wani mutum ne da kwat, yana danna waya. A ɗaya gefen hanyar, wata mata ce mai gajeren gashi da tabarau, ba jaka a cinyarta, ba waya a hannunta. Ba ta kallon taga. Mutane take kallo. Ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta dubi agogonta.

Sai ga autata ta taho daga baya tana rufe akwatunan sama ɗaya bayan ɗaya. Ta iso kanmu. Ta gan ni. Murmushin bai bar fuskarta ba, amma babban yatsanta ya shiga murza ɗan yatsan kusa da shi. Tun tana ƙarama haka take yi in ta fasa wani abu. Ba ta dubi matar mai tabarau ba ko sau ɗaya, kuma daga nan na gane ko wace ce.

Ta yi wa na layin bayani da Turanci, tana nuna ƙofar, tana nuna wani kati mai hotuna. Mai kwat ya gyaɗa kai, na ɗaya gefen suka gyaɗa. Sannan ta juyo gare ni. Ta tsaya a kaina, a tsaye, ta ce mini Madam. Sauran maganar ta wuce ni. Ina jin buroka ta kasuwa, nawa ne, rage mini, amma wannan Turancin na hanci ban kama komai ba sai Madam ɗin.

Na san ta ce kada in nuna na san ta. Na sani. Amma ban taɓa jin wannan kalma daga bakinta zuwa gare ni ba, kuma tana tsaye ina zaune.

Na ce, da Hausa, "Ni ce Madam?"

Mai kwat ya ɗago kai. Ya ga kamar taimako ake nema, ya fassara mini. Ya ce wai ana tambaya ko ina jin Turanci, ko zan iya karanta katin, ko zan iya ɗaga ƙofar in an sami matsala. In ba zan iya ba sai in koma kujerata. Na ce masa ya gaya mata ina ɗaga buhun citta ni kaɗai. Ya gaya mata. Ta amsa masa da Turanci, shi kuma ya juyo mini da shi: ba maganar ƙarfi ba ce kawai, doka ce, Mama ki yi haƙuri ki tashi. Ni da 'yar da na haifa, wani baƙo yana mana tafinta.

Na ce ba inda za ni.

Ba taurin kai ba ne kawai. Na dubi bayan jirgin, na hango lungun nan da cikin mutumin nan, ƙafafuna suka ƙi. Da za a ce in sauka in tafi Legas a ƙasa, da na sauka.

An riga an rufe ƙofar gaba. Shugabarsu ta leƙo daga can, ta ɗaga gira. Wata ƙararrawa ta yi ƙara. Mutane suka fara juyowa. Wani daga baya ya ce da buroka a fitar da tsohuwar nan mana, yana da taro. Wata ta ce ai irinsu mota ta dace da su. Wani ya ce a bar ta mana, tsohuwa ce, me zai faru. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro daga baya, domin na ga maganarsa ta shiga autata. Ta ɗan ja da baya. Ƙafarta ɗaya ta juya kamar za ta wuce. Haka ta yi wa dattijon nan, yanzu na ga da idona yadda abin yake faruwa. Matar mai tabarau ta harɗe hannu.

Ba ta wuce ba. Ta dawo da ƙafar. Ta tattara siket ɗinta ta durƙusa a tsakiyar hanya, gwiwa ɗaya a ƙasa, har kanta ya yi ƙasa da nawa. Ta miƙo hannu ta gaban mai kwat ta dafa hannun kujerata. Murmushin ya tafi. Ta yi magana da Hausa, a hankali, amma ba ta ɓoye ba.

"Mama, wannan ƙofar ba ta gudu ba ce. Mai zama nan jira yake yi. Sai an ce buɗe yake buɗewa. In akwai wuta a waje za a ce kada a buɗe, kuma da Turanci za a faɗa, da ihu."

Na ce ai sai ta faɗa mini da Hausa.

"Ina can baya, ba zan iso ba. Ko na iso, na san ki. Ba za ki jira ba."

Ta ci gaba.

"Da kin jira, da ba ni nan. Na sani. Amma nan in kika buɗe ba a ce ba, mutanen nan duka kika kashe. Ki tashi, Mama."

Ba ta ce don Allah ba. Ba ta ce ki yi haƙuri ba. Idonta a cikin nawa, abin da na hana ta tun tana ƙarama. Yatsan ya daina murzawa.

Gaskiya ta faɗa. Da jirgin nan zai yi wata irin girgiza in ga hayaƙi, ba mahalukin da zai hana ni jan mariƙin nan. Na cire hannuna daga jikin ƙofar. Na kama bel ɗin zan kwance, ya ƙi, ta sa hannu ta ɓalle mini. Na tashi. Ta miƙe ta wuce gaba, na bi ta, duk jirgin yana kallo. Mai ƙiba da matarsa suka sake tashi. Na shiga lungu. Ta duba bel ɗina, ta ja shi ya kama, kamar yadda ta yi wa kowa. Ta koma ta sami wani saurayi mai jin Turanci ta zaunar da shi a inda na tashi, ta sake bayanin daga farko.

Jirgi ya yi gudu ya tashi. Ban kalli taga ba. Bayan kujerar gaba na kalla, ina jin zafi biyu, ban san wanne ya fi ba. An tashe ni a gaban mutane. Kuma na yi abin da aka roƙe ni kada in yi: yanzu matar nan ta san uwarta ce ni, ta ga an ɓata lokaci, ta ga ma'aikaciya a durƙushe tana Hausa. Ban san yadda ake lissafin waɗannan a ofishinsu ba.

Da ta zo da keken abinci ta miƙo mini ruwa da wani burodi a leda. Ba ta ce Madam ba, ba ta ce Mama ba. Na karɓa da hannu biyu. Ban ci ba.

Mun yi nisa, sai hasken taga ya dushe. Matuƙi ya yi magana ta lasifika. Matar mai ƙiba ta ce da mijinta, da Hausa, wai hadari ya rufe filin Legas, za mu yi ta zagaye har ya wuce. Ba ta rufe baki ba jirgin ya faɗa rami. Haka na ji shi, kamar mota ta faɗa rami, sai dai ramin ba shi da ƙasa. Kofuna suka tashi. Wata ta kira Yesu, wani yana salati, jariri ya tsala kuka. Jirgin ya ɗago, ya sake faɗawa, ya karkata. Ruwa yana dukan taga, fiffiken yana lanƙwasa kamar reshen mangwaro.

Hannuna na dama ya tafi neman sakata a jikin bango. Ba komai sai roba mai santsi. Ya yi ta shafawa shi kaɗai. Na kama shi da na hagu na danne a cinya.

Na leƙa ta tsakanin kujeru. Autata tana tafe tana dafa kujeru, tana duba bel, tana kwashe abin da zai iya tashi ya bugi mutum. Yaron wata ya yi amai, ta miƙa leda ba ta tsaya ba. Jirgin ya sake faɗawa, ta bugu da kafaɗa, ta riƙe, ta ci gaba. Ta kulle keken abinci a ma'ajinsa, ta zauna a 'yar kujerarta ta ɗaure kanta ta kafaɗu biyu.

A nan ne wani Alhaji mai babbar riga, layi biyu a gabana, ya kwance bel ya miƙe. Jakarsa yake so ya sauko da ita daga sama, ban san me ke ciki ba. Ya kai shekarun mijina da yana raye. Ya kama murfin akwatin.

"Alhaji, zauna!"

Daga bayana muryar autata ta fito, ta cika jirgin. Ya juyo yana cewa shi fa magani, ta sake faɗa da Turanci, sannan da Hausa, ta ce ya zauna ya ɗaura bel yanzu. Ya zauna. Bai gama ɗaurawa ba jirgin ya yi faɗuwar da ta fi duka, da yana tsaye da kansa ya bugi rufi. Na san muryar nan. Da ita na ce wa yayarta ta saki ƙofa ta biyo ni, ranar da gari ya rikice.

Muka yi ta zagaye. Ban san tsawon lokacin ba. Na karanta addu'ar Ubangiji, na kai ƙarshe na koma farko. Sannan girgizar ta fara raguwa. Jirgin ya karkata ta gefena, gajimare ya yage, haske ya shigo ta taga ya sauka a cinyata. Na duba.

Ruwa ne. Ban ga ƙarshensa ba. Na nemi ɗaya gaɓar, kamar yadda ake neman ta a kogin Kaduna, babu. Can nesa ya haɗe da sama, ba a gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Kusa da ƙasa launinsa kamar ruwan ganye, can ciki kuma baƙi-baƙi kamar ruwan baba a marina. Ga farin layin nan na cikin hoto, amma a hoto ba ya motsi. Nan yana zuwa, ya kwanta a kan yashi, ya koma, wani ya biyo. Yashin siriri, dogo, kamar an shimfiɗa zare. Bayansa wani ruwan kuma, kwantacce, mai launin kunu, da 'yan rafuka suna shiga cikin kore kamar jijiyoyin bayan hannu. Jiragen ruwa manya sun yi layi a waje suna jira, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Kwale-kwale kuwa sai ka ce ɓawon gyaɗa. A gefe guda hadarin da ya hana mu sauka yana tsaye a kan birni, baƙi ƙirin, da ƙafafun ruwa suna sauka daga cikinsa, mu muna waje a cikin rana muna kallonsa.

Ba inda mutum zai gudu a wurin nan. Ko an ba ni ƙofa goma. Na zauna na kalla, tunda ba abin da ya rage.

Na waiga. Tana ɗaure a kujerarta, hannuwa a kan cinya, idonta a kan mutane. Tagar tana gefenta, 'yar ƙarama, ba ta ko dube ta ba.

Muka sauka a kan jiƙaƙƙen titi. Wasu suka tafa. Na bari kowa ya fita, har mai ƙiba. Autata tana tsaye a baya, ba ta matso ba, ni ma ban je ba. Da na iso tsakiyar jirgi, matar mai tabarau tana nan zaune, ita kaɗai. Na wuce ta ban dube ta ba. Sai na ji ta ce, da Hausa mai kyau, irin ta mutanen Jos, "Sannu da hanya, Mama."

Ta ji komai ke nan. Na ce yauwa. Fuskarta ba ta nuna mini komai ba.

Mijin babbar ya ɗauke ni. Na yi wa mai jego wanka, na dama kunu, na riƙe jariri. Autar ba ta kira ba ranar, ba ta kira washegari ba. Ni ma ban kira ba. Yayarta ta tambaye ni yadda hanya ta kasance, na ce lafiya. Wayar tana ɗaure a bakin zanena, ko wanka zan shiga sai na ajiye ta inda zan ji. Na yi ta tunanin yunifom ɗin nan a ninke a kan teburin wani ofis, da abin da za a ce a bakin famfo.

Ranar Lahadi da yamma ta zo, da kayan gida. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ɗauki jariri ta yi masa wasa, ta ce hancinsa na kakarsa ne, Allah ya sa kada ya ɗauko taurin kan. Yayarta ta yi dariya, ita ba ta san komai ba. Na tashi na ɗora ruwa, na juye a baho, na kawo na ajiye a gabanta. Ta cire takalmi ta tsoma ƙafa. Ta runtse ido.

Ta ce an tabbatar da ita. Ta ce matar ta yi mata faɗa a kan barin fasinja ta canja kujera ba ta gani ba, da kuma jinkirin da aka yi, ta ce wannan laifinta ne kuma an rubuta. Sauran ba ta ce komai a kai ba, sai dai ta tambaye ta ko gobe wani dattijon ya ce ya haife ta, me za ta yi. Ta ce ta amsa mata cewa wadda ta haife ta ma ta tashi.

Na ce ruwan ya yi zafi da yawa? Ta ce a'a.

Jariri ya yi barci. Can ta buɗe ido.

"Kin ga tekun?"

Na ce na gani.

"Yaya yake?"

Na gyara zama. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma na fara mata daga farin layin, na gaya mata yana motsi.